Aure a Kurmi, Salla a Kurfai: Yadda Amarenmu Sunka Fara Bin Hanya

Duk shekara in Salla ta ƙarato muna ganin abu guda. Saƙonnin gaisuwa su yi muna yawa a gidan rediyo, daga Abijan, daga Kumasi, daga Kwatano da Legas, motoci kuma su dinga sauke baƙi a tashar Filinge. Cikin masu saukan nan akwai wadda kowa ke jira ya gani: amaryar bara, wadda anka kai ma mijinta a waje, yau ta zo ganin gida karo na farko. Tsofaffi na duban jikinta su ga ko ta yi ƙiba ko ta rame, ƙannai na duban jakunkuna. Mun saba da haka har muna zaton tun fil azal ake yi. Alhali amarya ta bi miji ƙasar waje, ta komo Salla, abu ne da bai daɗe ba a ƙasar Kurfai. Shi muke so mu bi sawunsa yau.

Hanyar kudu dai tsohuwa ce. Tun kafin zuwan Nasara fataken Hausa ke tahiya Gwanja sayen goro, kasuwar Salaga ta cika da su, har yaƙin basasar 1892 ya watsa garin, mazauna zango sunka bazu zuwa Kumasi da Akara da sauran garuruwa. Maƙwabtanmu Zabarmawa ma sun bi hanyar da dawakai, su Alfa Hano da Gazari da Babatu, sunka yi zamaninsu a ƙasar Gurunsi. Amma talakan Kurfai, mai gona a cikin dallol, bai san barin gida kowace shekara ba sai da Faransawa sunka kafa bariki a Filinge a farkon ƙarni na 20, sunka tsaida Gado Namalaya a kan sarautar kanto. Daga nan lanho ya zo, ana biyansa da kuɗin Nasara, ga aikin dole, ga ɗaukar soja. Hatsi ba ya biyan lanho in babu mai saye. Inda kuɗi suke, can ƙasar Ingilishi ce, Gwalkwas, wadda munka sani yau da Gana. Kakanninmu sunka ce mata Kurmi.

Da ƙafa ake zuwa. In an gama girbi an ɗaure dammai, samari su haɗu ƙungiya, su bi ta Yamai, su ƙetare gulbi, su ratsa ƙasar Gurma, su shiga ta Bawku, su sauka Tamale, su ƙetare ruwan Bolta a Yeji, sannan Kumasi. Tahiyar makonni ce. Can su yi dako a kasuwa, abin da mutanen ƙasar ke ce ma kaya-kaya, wasu su shiga gonakin koko, wasu ramukan zinariya na Obuwasi da Tarkwa, wasu tashar jiragen ruwa ta Takoradi da anka buɗe a 1928. Rikicin ƴan Hauka, ko Babule, da ya tashi a Shikal a 1925 wajen wata mata da ake ce ma Shibo, ya ƙara tura mutane. Da kumandan Kroshishiya na Yamai ya sa anka kama su anka wahalshe su, da yawa sunka bi hanyar Kurmi, har Bafaranshen nan Jan Rush ya iske masu wannan al'ada a Akara ya ɗauke su a sinima a 1954. Sai kuma yunwar 1931, shekarar fara, wadda ta ci yammacin Nijar ƙwarai. Wanda ya tsira ya gane cewa gona ita kaɗai ba ta riƙe gida.

To ina amarya a cikin wannan duka? Tana gida. A wancan zamani ɗan bida shi kaɗai yake tahiya, kuma sau da yawa don auren ma yake tahiya: ya samo sadaki, ya samo turmin zane da bargo da akwatin ƙarfe, ya komo a ɗaura. In an yi biki ya yi damina guda da matarsa, kaka na yi ya sake ɗaukar sanda. Amarya ta zauna gidan surukai, ƙarƙashin uwar miji, ita da daka da ɗaukar ruwa da itace. Ba ta da labarin mijinta sai in wani ya komo daga can ya ce ya gan shi lahiya. Kuma ranar komowarsa ba ta da alaƙa da Salla. Hadari ne ke kiransa. In gajimare ya fara haɗuwa a gabas, kowa ya san ƴan Kurmi na bisa hanya, don wanda shibka ta wuce shi ya yi asarar shekara. Salla kuwa inda ta iske mutum nan yake yin ta.

An soke aikin dole a 1946, amma tahiya ba ta tsaya ba, sai ma ƙaruwa da ta yi da zuwan kamyo. Wasu sunka daina dako sunka kafa tebur, daga tebur sai shago. Mai shago ba ya iya rufewa wata biyar ya zo noma. Nan ne zama ya fara tsawo, nan ne kuma tambayar ta taso: mutum ya auri ɗiyar zango a can, ko a kawo mishi mata daga gida? Iyaye sun fi son ta biyu, don sun ga waɗanda sunka yi aure can yadda ƙafarsu ta ɗauke, ɗiyansu sunka tashi ba su san hanyar Luma ko Tunfalis ba. Kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Aika mishi ɗiyar dangi wata igiya ce da ake ɗaure shi da ita.

Ranar 18 ga Nuwamba 1969 gwamnatin Busiya ta Gana ta ba baƙin da ba su da takardu mako biyu su hita. Ƴan Nijar da yawa sunka komo cikin kamyo, wasu da mata da yara da ba su taɓa ganin ƙasar ubanninsu ba, dukiyar shekaru ta zube cikin kwana goma sha huɗu. Daga nan akalar ta karkata. Abijan na cikin ganiyarta, kuɗinta kuma sefa ne irin namu, babu wahalar canji. Nijeriya ta samu arzikin man fetur, Legas ta buɗe baki. Farin 1973 da 1974, da na 1984 da mutanenmu ke ce ma El Buhari saboda ya zo daidai da rufe iyakar Nijeriya, sun sa barin mata a gida ya zama ƙarin baki ga rumbun da babu kome ciki. Yarjejeniyar CEDEAO ta 1979 ta sauƙaƙe ƙetare iyaka. Waɗannan abubuwa ne sunka haɗu har ya zama ba abin mamaki ba a ɗaura aure a Filinge, ango na Ajame ko Abobo, waliyyinsa ya karɓa mishi, bayan mako kaɗan a sa amarya a mota da rakiyar wata gwaggo ko wani ɗan gari mai komawa.

Mu yi maganar zaman can, don shi ne ba a cika faɗi ba. Yarinyar da ta tashi cikin babban gida, da zaure da garka da filin da ido ba ya kai ƙarshensa, sai ta samu kanta cikin ɗaki guda, irin wanda mutanen Abijan ke ce ma antire-kushe, a tsakar gidan haya mai ƙofa goma, famfo guda, makewayi guda. Miji ya hita tun asuba, sai dare. Maƙwabta na Julanci ko Turancin Faransa, in Gana ce Tuwi. Ruwa saye, gawayi saye, har ganyen miya saye. Bakin da ya saba da hura da tuwon hatsi sai ya koyi aceke da dokunu da man ja. Abin da ya riƙe amarenmu shi ne zango: Nima da Sabon Zango a Akara, Abuwabo a Kumasi, Zango a Kwatano da Lome, Agege a Legas. Kowane wuri akwai matar wani dattijon gari da ke zama uwa ga sabbin zuwa, ta kai su kasuwa, ta shigar da su adashe, ta shiga tsakani in an yi faɗa. Waɗannan mata ba a rubuta sunansu ko'ina ba, amma aure nawa ne ya tsaya saboda su?

Mu da munka tashi a shekarun 1990 mun iske zamanin kaset. Amarya ta rufe ɗaki ta yi magana da rakoda, ta gaida kowa da sunansa, daga kaka har jaririn da ta bari a goye, a ba direba ya kawo. A taru a tsakar gida bayan isha a saurara, uwa na share hawaye da bakin zane, a juya kaset a maida amsa. Wasu kuma su rubuto ma filin gaishe-gaishe na rediyo. Yau ga salula, ga WhatsApp, murya na isowa cikin daƙiƙa, kuɗi na isowa ta Nita ko Al Izza kafin a gama sallama. Amma tsofaffi sun ce zumunta a ƙafa take, kuma hal yau babu uwar da murya ta ishe ta.

Da can babbar hujjar komowar amarya ita ce haihuwar fari. Ciki ya tsufa a maido ta gidan iyaye, ta haihu, ta yi wankan kwana arba'in, wani lokaci ta ƙara watanni. Sannu a hankali, da hanya ta yi sauƙi, kwalta ta haɗa Yamai da Filinge ta Balleyara, kusan kilomita 180, manyan motocin kar sunka fara zirga-zirga tsakanin Yamai da biranen bakin teku, sai Salla ta zama lokacin zuwa, musamman ta layya. Masu yara a lakwal kuma su jira bakansi. Dalili a fili yake. Layyar Nijar daban take: a feɗe rago a baje shi bisa itace, a jera kewaye da wuta tun hantsi har dare, washegari a yi rabo gida gida. Wanda ya yi Salla a ɗakin haya ya san abin da ya rasa. Kuma da yake watan Salla na matsowa da kamar kwana 11 kowace shekara, shekarun nan layya na faɗowa a bakin damina. Ga shi kalandar kakanni da ta jikoki sun sake haɗuwa: ango ya zo Salla, ya tarar da shibka.

Sai dai zuwan nan na da nauyi. Amarya ba ta shigowa hannu sake. Atamfa ta uwa, ta uwar miji, ta kishiyoyin uwa, shadda ta baba, sabulu da turare na gwaggwanni, takalman yara, kuɗin goro na duk wanda ya zo sannu da zuwa. Ango kuma rago na jiransa a kasuwar Lahadi, a farashin jajibiri. Kwana goman ma rabo ake yi, nawa gidan miji, nawa gidan iyaye, kuma an sha ɓata rai a kan haka. Mun san ma'aurata da sunka ci bashi don a ce sun zo da kaya, sunka koma sunka shekara suna biya. Mun san waɗanda sunka shekara huɗu, biyar, ba su zo ba. Kuɗin mota suna da shi, kunyar tsaraba ce ta hana su. Har uwa ta rasu ba ta ga jikanta ba.

Tarihin nan kuma ya nuna muna cewa hanya ba ta da tabbas. Nijeriya ta kori baƙi a 1983. Kodebuwa ta ɗora ma baƙi katin zama daga farkon shekarun 1990 har 2007, ga yaƙin da ya ɓarke a Satumban 2002 da na bayan zaɓen 2010. Libiya ta rushe a 2011, ƴan bida sunka komo ba kome. Korona ta rufe iyakoki a 2020, shekarar da anka hana hawan moto a jihar Tillaberi saboda rashin tsaro, baƙo ya sauka Filinge ya rasa abin da zai kai shi ƙauye. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 anka rufe gadar Gaya da Malanbil, masu zuwa daga Kwatano sunka koma ƙetare gulbi da kwalekwale, da jarirai a goye. Hanyar Burkina kuwa kowa ya san halin da take ciki. A cikin kowane ɗayan waɗannan, wadda ta fi shan wuya ita ce matar da anka kai ba takardar haihuwa, ba katin ɗan ƙasa, ba takardar aure, ba ta san lambar kowa ba sai ta mijinta. Kada mu manta kuma da ɗaya amaryar, wadda mijinta ke Libiya ko Aljeriya inda ba a zuwa da iyali. Ita tana nan cikinmu, zaman kakarta take yi, Salla na zuwa tana wucewa.

Don haka ga roƙonmu. Iyaye, kafin a cika baliz a fara cika takardu, a je meri a yi ma yarinya nata, a kuma san hannun dattijuwar da za a damƙa ta a can. Angwaye, ku bar mata salula da ɗan abin sana'a, ku sa kuɗin ganin gida cikin lissafi tun farkon shekara. Mu kuma na gida, mu sassauta. In ɗiyarmu ta sauka daga mota, mu fara tambayar lahiyarta da zamanta kafin idonmu ya kai ga jaka, mu ja ta ɗaki mu ji abin da ba ta iya faɗi a waya ba. In za ta koma, a ɗaure mata soyayyen naman layya da cuku da kuka da ɗan hatsin hura, yadda iyayenmu ke yi.

Masu kakanni da rai, ku zauna da su cikin wagga Salla ku tambaye su labarin Kurmi, wa ya tahi, wa ya komo, wa ya jira. Allah ya kawo matahiyanmu lahiya, ya maida su lahiya, ya ba ƙasarmu kwanciyar hankali da damina mai albarka. Barkanmu da Salla.