Kama da Wane: Tarihin Wakilan Ƙwayar Cutar Norobairos

Na tashi a Madobi, kuma tun ina yaro nake bin mahaifina noman rani a gonakin da ke shan ruwan madatsar Tiga, wadda aka kammala a 1974 a zamanin Gwamna Audu Baƙo. Magudanan da suka ratsa Bunkure da Kadawa da Kura sun ba mu shinkafa da alkama da tumatir da albasa. A cikinsu kuma ake wanki da wanka, a nan shanu ke shan ruwa, a nan ake ɗauraye latas kafin a kai shi kasuwa. Wani dare na hunturu, amai da gudawa suka kama ƙannena biyu, kafin wayewar gari suka kama mahaifiyarmu. Bayan kwana uku kowa ya miƙe. Mutanen gida suka ce sanyi ne. Sai da na girma na gane cewa cututtuka da dama ke fakewa a bayan wannan suna na amai da gudawa, kuma ɗaya daga cikin manyansu ita ce norobairos.

Abin da ya ja hankalina a tarihinta shi ne, kusan shekara hamsin masana suka yi suna nazarin ƙwayar da suka kasa rainonta a ɗakin bincike. Rashin uwa kan sa a yi uwar ɗaki. Haka suka yi ta neman wakilan da za su tsaya a madadinta.

A 1929 wani likitan yara a Amurka, John Zahorsky, ya bayyana ciwon da ya kira aman lokacin sanyi. A watan Oktoban 1968 ciwon ya ɓarke a wata makarantar firamare a garin Norwalk na jihar Ohayo, ya kwantar da kusan rabin ɗalibai da malamai. An bincika ba a sami bakteriya ba. Daga nan aka ɗauko wakili na farko, wato mutum kansa. Aka tace samfurin bayan-gidan maras lafiya, aka ba masu sa-kai suka haɗiye, su ma suka kamu. Daga samfurin ɗaya daga cikinsu ne Albert Kapikian ya hango ƙwayar a 1972 da madubin bincike mai aiki da lantarki, girmanta nanomita 27 kacal. An gan ta, amma ta ƙi hayayyafa a cikin kowace irin ƙwayar halitta da aka zuba ta.

A 1990 Xi Jiang da Mary Estes na Kwalejin Likitanci ta Baylor suka kwafo ƙwayoyin gadonta, bayan shekara biyu kuma aka iya ƙera ɓawonta zalla, babu abin ciki. Wannan ɓawo ya buɗe hanyar gwajin jini da neman rigakafi. Sai dai ɓawo ba ya kama mutum, don haka ba zai faɗa maka ko sabulu ko zafi ya kashe cutar ba.

Domin amsa wannan tambaya aka koma ga danginta. Shekaru da dama ana amfani da wata ƙwaya mai kama kyanwa, saboda tana girma cikin sauƙi a ɗakin bincike. Aibinta shi ne, cutar numfashi ce, ba ta jure tsami irin na cikin ɗan Adam, alhali norobairos ta cikinsa take wucewa lafiya lau. A 2003 masana a Jami'ar Washington da ke St. Louis, ƙarƙashin Herbert Virgin, suka gano norobairos ta ɓera, a shekara mai bi kuma aka raine ta. Ita ce ta zama babbar wakiliya. Da ita aka gwada daɗewar irin wannan ƙwaya a cikin ruwa da jikin ganye, da ƙarfin sinadarin kulorin a kanta. Amma lafiyayyen ɓera ba ya galabaita da ita, kuma ɓera ma ba ya amai sam. A 2008 aka ƙara da ƙwayar Tulane da aka samo daga birrai, wadda take manne wa sukarin rukunin jini kamar yadda ta mutum take yi.

An kuma nemi dabbar da za ta ɗauki ainihin ƙwayar ta mutum. A 2006 Linda Saif da abokan aikinta a Ohayo suka nuna cewa 'ya'yan alade da aka raina babu ko ƙwayar cuta ɗaya a jikinsu suna kamuwa, su yi ƴar gudawa. Birin cimfanzi yana ɗaukar ƙwayar ya fitar da ita, amma ba ya ciwo. Kowane wakili yana faɗin wani ɓangare na gaskiya, ya yi shiru a kan saura.

Sai a 2016 ɗakin binciken Mary Estes ya ci nasara. Suka ɗauki uwayen ƙwayoyin halitta daga hanjin mutum, suka raine su har suka zama ƴan mitsi-mitsin hanji, norobairos ta hayayyafa a cikinsu. Wasu nau'o'inta ma sai da aka ƙara ruwan maɗaciya. A 2019 masana a Leuven ta Beljiyam suka nuna tana hayayyafa a cikin 'ya'yan wani ɗan kifi mai zane irin na jakin dawa, wanda rainonsa ba shi da tsada.

Me ya haɗa wannan da Madobi? An ƙiyasta cewa norobairos tana kama mutum miliyan 685 a duniya kowace shekara, tana kashe yara kusan 50,000, mafi yawansu a ƙasashe irin tamu. Babba yakan warke cikin kwana uku, amma jaririn da ruwan jikinsa ya ƙare ba ya jiran kwana uku. A 2022 Nijeriya ta shigar da rigakafin rotabairos cikin na yara, kuma a ƙasashen da suka riga mu yin haka, norobairos ce ta gaji matsayin babbar mai kai yara asibiti saboda gudawa. Ita kuwa har yanzu ba ta da rigakafi. Shawarar da ma'aikacin lafiya yake ba mu, a wanke hannu da sabulu da ruwa maimakon dogaro da man goge hannu, a dafa ganye, a tsabtace wurin amai da bilic, wani sashenta daga waɗannan wakilai ya fito, kuma wani sashen sai da aka gyara shi bayan an gano cewa ƙwayar mutum ta fi ta ɓera jure man goge hannu.

Darasin da na ɗauka ke nan. Da babu gara ba daɗi, don haka kyanwa da ɓera da alade sun cancanci a tuna da su. Amma kama da wane ba wane ba ce. Abin da aka auna a ruwan sanyin Ohayo yana bukatar a sake auna shi a ruwan Kadawa, cikin zafin watan Afrilu, a kan latas ɗinmu. Duk lokacin da na ga yara suna iyo a magudanar da ake wanke kayan miya, nakan yi fatan a cikinsu akwai wanda zai yi wannan awo.