Karon da Ya Haifi Hukumar Jiragen Sama ta Amurka

Ran 30 ga watan Yuni, 1956, da safe, jiragen fasinja biyu suka tashi daga Los Angeles, minti 3 tsakaninsu. Na kamfanin TWA ya nufi birnin Kansas da mutum 70, na United kuwa ya nufi Shikago da mutum 58. Bayan kamar awa ɗaya da rabi suka yi karo bisa Grand Canyon, watau ƙaton kwazazzabon nan na jihar Arizona. Ko mutum ɗaya bai tsira ba.

Abin da ya fi tayar da hankali shi ne dokar lokacin ba ta hana matakan da suka kai ga karon ba. Matuƙin TWA ya nemi hawa ƙafa 21,000, aka hana shi domin jirgin United na nan. Sai ya nemi iznin bi ta ƙafa 1,000 bisa gajimare, aka ba shi, wannan kuwa ya kai shi daidai inda aka hana shi. Dukansu sun bar hanyoyin da ma'aikatan ƙasa ke lura da su, inda ƙa'ida ita ce kowane matuƙi ya dogara ga idonsa. Wani ma'aikaci a Salt Lake City ya san tsayinsu ɗaya, amma doka ba ta ɗora masa gargaɗinsu ba.

Duk da haka sai da aka ƙara hasarar rayuka kafin a gyara. Cikin Afrilu 1958 jirgin yaƙi ya yi karo da na fasinja kusa da Las Vegas, mutum 49 suka mutu. Cikin Mayu aka sake irinsa a Maryland. Soja na bin tsarinsu, farar hula na bin nasu, alhali sararin ɗaya ne.

Ran 23 ga Agusta, 1958, Shugaba Eisenhower ya sa hannu a dokar da ta kafa hukumar FAA. Aka danƙa mata ikon sararin ƙasar duka, na soja da na farar hula, da tsara ƙa'idojin tsaro, da ba matuƙa da jirage takardar shaida. Binciken hatsari kam aka bar shi hannun wata hukuma dabam, wannan kuwa dabara ce, don kada mai tsara doka ya zama alƙalin kuskurensa.

Sai dai dokar ta bar wani gurbi. Ta umurci hukumar ta tsare lafiyar fasinja, ta kuma bunƙasa harkar sufurin jiragen sama, ayyuka biyu waɗanda ba kullum suke jituwa ba. Shekara 38 ana haka, har jirgin ValuJet ya faɗi a Florida cikin Mayu 1996 da mutum 110. A shekarar ce Majalisar Dokoki ta gyara dokar, ta sa tsaron lafiya gaba da kome.