Fari, Yunwa da Marka: Yadda Iyayenmu Suka Tsare Ƙananan Yara a Ƙasar Kankiya da Kusada

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga fiyayyen halitta.

GABATARWA

Mu da muka tarar da tsofaffin ƙasar Kankiya da Kusada mun san ba da kalanda suke ƙidayar shekaru ba. In ka tambayi tsohuwa shekarunta, sai ta ce an yaye ta shekarar 'Yar Buhu, ko kuwa tana goyon fari aka yi 'Yar Gusau. Masifun da suka ratsa su ne kalandarsu, kuma kusan kullum da yaro ake haɗa lissafin: goyo, yaye ko haihuwa. Dalili kuwa a fili yake. Duk sa'ad da fari ko ruwa ya yi ɓarna, ƙaramin yaro shi ne farkon faɗuwa, shi ne kuma ƙarshen tashi. Manufar wannan maƙala ita ce mu tuna wa 'yan uwanmu mazauna Kano, Kaduna, Abuja, Legas da sauran birane yadda iyayenmu suka fitar da mu daga waɗannan shekaru da rai, domin mu gane nauyin da ya dawo wuyanmu a yau.

SHEKARUN DA SUKA BAR SUNA

Mafi muni a cikinsu ita ce Kakalaba. Damina ta ƙi a 1913, yunwa ta kai matuƙa a 1914, zamanin Sarkin Katsina Muhammadu Dikko. Jama'a suka kwararo daga arewa, daga ƙasar da Faransa ke mulki, suna neman hatsi a kudu, da yawa suka ƙare a hanya. A 1927 aka yi 'Yar Buhu. Farkon shekarun 1930 fara ta dinga sauka a gonaki. A 1942 aka yi 'Yar Gusau, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu, lokacin da Turawa ke tara hatsi da mutane domin haƙar kuza a Jos.

Ba ƙarancin ruwa kaɗai ya jawo wannan wahala ba. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, cinikin gyada ya buɗe, Turawa kuma suka tsaya kan a biya haraji da kuɗi. Magidanci ya shiga sayar da hatsi da kaka, lokacin da yake da araha, don ya sallami mai karɓar haraji, ya dawo yana sayen sa da tsada da damina. Wani masani, Michael Watts, wanda ya yi bincike a Kaita ta ƙasar Katsina, ya bayyana wannan a littafinsa na 1983. Abin da ya rubuta, kakanninmu sun riga sun san shi a jikinsu: in rumbu ya raunana, yaro ne ke biyan bashin.

RUMBU DA TSARIN GIDA

Katangar farko da ke tsakanin yaro da yunwa ita ce rumbu. A gidan gandu, in an gama kaka, maigida yakan zuba dammunan gero da dawa a babban rumbu ba tare da an sussuke ba, ya rufe, ba za a buɗe ba sai damina ta kama, aikin gona ya tsananta. Hatsi a zangarniyarsa ya fi jimirin ajiya, dabarar da muka sani tun daga ƙissar Annabi Yusuf (AS). Gidan da ya isa yakan kwana da hatsin bara, har da na bara waccan, kuma abin kunya ne a ji magidanci ya taɓa iri.

Cin rani ma wani ɓangare ne na wannan tsari. Samari su bar gida bayan girbi, su tafi birni ko kudu neman kuɗi. Ko ba su dawo da komai ba, bakinsu ya fita daga tukunya na wata huɗu ko biyar, abin da ya rage ya isa mata da yara. Akwai kuma ciyayya tsakanin maƙwabta, inda kwano ke fita daga wannan gida ya shiga wancan da magariba. Ta nan ake gane gidan da bai ɗora tukunya ba, ba tare da an tona asirin kowa ba. Akwai zakkar hatsi da ake fitarwa tun a gona. Akwai riƙo: in abu ya yi tsanani, a ɗauki yaro a kai shi wurin gwaggo ko kaka a garin da damina ta yi kyau, sai an ga sabon hatsi a dawo da shi.

UWA, KATANGA TA ƘARSHE

In rumbu ya ƙare, sai aiki ya koma hannun uwa. Makaminta na farko nono ne. Iyayenmu mata kan shayar da yaro kusan shekara biyu, kuma mace mai hankali ba ta yaye ɗanta a tsakiyar yunwa. Takan jinkirta sai kaka. Makami na biyu awaki ne. A ƙasarmu yawancin awaki da tumaki na mata ne. A tatsi nonon akuya a dama wa yaro kunu, in tura ta kai bango a kai ɗaya kasuwa a auno hatsi. Ɗaya bayan ɗaya ake sayarwa, mai ciki ce ta ƙarshe.

Makami na uku shi ne sanin daji. Tafasa, rama, zogale, yaɗiya, gasaya da kuka; ɗinya, kanya, aduwa, goriba da garin ɗorawa. Uwa ta san wanda ake ba yaro da wanda sai babba. A shekaru masu tsanani har ƙwayar ƙarangiya an ci, an tona gidan tururuwa an kwashe abin da ta tara, an jiƙa anza kwana da kwanaki ana sauya ruwa kafin ɗacinta ya fita. A irin wannan hali manya su ci dusa da ganye, ɗan tsakin geron da ya rage a ɓoye shi don kunun yaro. Da yawa daga cikinmu mun rayu ne saboda wata mace ta kwana da yunwa ba ta gaya wa kowa ba.

ABIN DA MUKA GANI DA IDONMU

Farin 1972 zuwa 1974 ya same mu muna 'yan firamare. Mun ga gero ya tsaya a ƙauri ya bushe, rijiyoyi sun ja baya, shanun Fulani suna faɗuwa a bakin hanya, baƙi daga Nijar suna bin gidaje da yara a goye. Gwamnatin Janar Yakubu Gowon ta aiko da agajin hatsi, amma kafin buhu ya sauka daga mota ya isa ƙauye, gidaje da yawa sun riga sun yi rashi. Ba a gama farfaɗowa ba, a 1975 cuta ta cinye gyada. A 1983 bushiya ta kashe shanu, a 1984 fari ya dawo, lokacin muna matasan malamai.

A aji muka koyi karanta yunwa. Yaro ya fara gyangyaɗi tun hantsi, sannan ya fara fashi, in ka bincika sai a ce yana gida yana riƙon ƙaninsa, uwarsu ta tafi neman ganye. In ka leƙa gidan, ƙanen ne abin tausayi: gashi ya yi ja, ƙafa ta kumbura, ba ya ko kuka. A lokacin wasu kan ce maita ce ko iska, alhali tamowa ce. Kuma sau da yawa ba yunwar ce ke ƙarasa yaro ba, gudawa ce ko baƙon dauro ke samun jiki ya raunana. Wannan shi ne inda ilimin iyayenmu ya tsaya, shi ne kuma inda namu ya kamata ya ɗora.

MARKA DA FAƊUWAR GINI

Ba rashin ruwa kaɗai ke kashe yaro ba, yawansa ma yana yi. Gidajenmu na ƙasa ne, kuma magabata sun san gini na neman kulawa kowace shekara. Da bazara ake yaɓe, a shafe soro da makuba, a gyara indararo, a duba azara ko gara ta ci, a kare bangon gabas da zana saboda daga can hadari ke tasowa. In marka ta zauna a watan Agusta, ana yini ana kwana ana yayyafi, uwa takan janye shimfiɗar yaro daga jikin bango. In ta ga ƙasa na zubowa daga rufi, ko ta ji azara na ƙara, sai ta saɓi ɗanta ta koma ɗakin ciyawa, domin jinka ko ta faɗo ba ta binne mutum. Yara kuma a tsare su daga kududdufi, wanda kan cika ya batse a wannan lokaci.

Yau mun toshe hanyoyin ruwa da gini da leda, mun cike kududdufai mun yanka filaye. Ambaliyar Jibiya ta watan Yuli 2018, wadda ta zo cikin dare ta hallaka fiye da mutum 40, a jiharmu ta faru. In gemun ɗan uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

NAUYIN DA KE KANMU

Kada wani ya ɗauka wannan tatsuniya ce ta da. Ƙungiyar likitoci ta MSF ta bayyana cewa yara 652 sun rasu sakamakon tamowa a cibiyoyinta na Jihar Katsina cikin watanni shida na farkon 2025. Gandu ya watse, gonaki sun rarrabu, babban rumbu ya zama tarihi a gidaje da yawa. To, wa ya gaje shi? Mu ne, mazauna birni. Mu ne 'yan cin ranin da ba su koma ba, kuma albashinmu da ribar kasuwancinmu su ne rumbun da ake sa wa ido.

Saboda haka muna ba da shawarwari huɗu. Na farko, mu sauya lokacin aike. Yawancinmu sai da salla ko biki muke tuna gida, alhali Yuli da Agusta ne watannin wahala, sa'ad da tsohon hatsi ya ƙare, sabo bai nuna ba. Na biyu, kuɗin yaɓe da gyaran rufi su isa gida tun Afrilu, ba bayan bango ya faɗi ba. Na uku, ƙungiya ta sayi gero da wake da kaka, ta ajiye ƙarƙashin kulawar iyayen ƙasa da amintattun dattawa, a buɗe da damina, a fara da gidajen masu shayarwa da marayu. Na huɗu, in mun buga waya gida, kada mu tsaya ga gaisuwa. Mu tambaya ko an yi wa yaro allurar baƙon dauro da ya cika wata 9, ko yana kwana a gidan sauro, ko yana shan maganin rigakafin zazzaɓi da ake rabawa da damina, ko akwai ƙunshin gishiri da sukari na gudawa a ɗaka. Yaron da ƙafarsa ta kumbura, ko awon damtsensa ya nuna ja, a kai shi asibiti a ranar, kada a jira gobe.

KAMMALAWA

Iyayenmu ba su da hasashen yanayi, ba su da asusun banki, ba su da waya. Abin da suke da shi shi ne shiri tun kafin masifa ta zo, da kuma yarda cewa ɗan wani ɗan kowa ne. Da wannan suka raine mu har muka zama malamai, likitoci, 'yan kasuwa da ma'aikata. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Yaron da ke goye yau a Rimaye, Kafin Soli, Yashe ko Mawashi yana da hakkin da muka samu a kan na gaba da mu.

Allah Ya jiƙan magabatanmu, Ya saka wa iyayenmu mata da Aljanna, Ya ba mu damina mai albarka, Ya raya mana zuriya. Amin.