Gudummawar 'Yan Sa-kai a Tarihin Binciken Hasken Orora

A ƙasashen da ke can ƙuryar arewacin duniya, kamar su Norwe da Kanada da Alaska, akwai wani haske da yakan bayyana a sararin sama da dare, wani lokaci kore, wani lokaci ja, yana kaɗawa kamar labulen da iska ke busawa. Turawa suna kiransa orora, watau sunan alfijir da harshen Latin. Akan ga irinsa a ƙuryar kudu ma, amma mazauna ƙasashen da ke kusa da tsakiyar duniya, kamar ƙasar Hausa, ba su san shi ba sai a hoto. Asalinsa daga rana yake. Rana tana fesar da waɗansu ƙananan ƙwayoyi masu ɗauke da lantarki, ƙarfin maganaɗisun duniya ya karkata su wajen ƙuryoyin nan biyu, su yi karo da iskar oksijin da naitirojin da ke can sama, sai iskar ta yi haske.

Wahalar binciken wannan haske ita ce ba ya yin alkawari. Masanin taurari yana iya faɗin ranar da za a yi husufi tun da sauran shekara ɗari, amma orora takan bayyana ne inda ta ga dama, ta gushe kafin a ɗaura sirdi. Saboda haka tun farko malaman jami'a ba su wadatu da idanunsu ba, sai da suka jingina da mutanen da ba da wannan aiki suke ci ba, sha'awa ce kawai take hana su barci.

Ranar 1 ga Satumba, 1859, wani Bature mai suna Richard Carrington yana zanen baƙaƙen ɗigogin da ke fuskar rana a ɗakin duban taurarin da ya gina da kuɗinsa a Redhill, kudu da Landan, sai ya ga wurare biyu sun yi fari fat na kimanin minti biyar. Wani ɗan sa-kai, Richard Hodgson, shi ma ya ga abin daga gidansa, ba tare da ɗaya ya san da ɗaya ba. Ba a cika awa 18 ba sai orora ta rufe sama har Kyuba da Hawai. Wayoyin tangaraho suka rikice a Turai da Amurka, har ma'aikatan layin Boston zuwa Portland suka cire batir, suka yi wajen awa biyu suna aika saƙo da lantarkin da guguwar ta zuba wa wayar. Shi Carrington ya yi taka-tsantsan, bai yarda ya ce abin da ya gani ne ya jawo wannan ba. Bayansa aka tabbatar da haka.

Ɗaya daga cikin waɗanda suka gane amfanin idanu masu yawa shi ne Farfesa Elias Loomis na Amurka. Ya tattara rahotannin wannan dare daga wurare masu nisa da juna, na masana da na jama'ar gari, ya yi ta buga su a mujallar kimiyya har zuwa 1862. A 1860 ya fitar da taswira da ta nuna cewa ba a kan ƙuryar duniya sosai hasken ya fi yawa ba, a'a, a wani zobe ne da ya kewaye ta. Ba mutum ɗaya da zai iya ganin wannan zobe daga inda yake tsaye.

A Norwe kuwa wani malamin makaranta ɗan ƙasar Denmak, Sophus Tromholt, wanda ya koya wa kansa ilmin, ya riƙa rarraba takardun tambaya ga ɗaruruwan mutane a ƙasashen yankin, don su rubuta abin da suka gani da lokacin da suka gan shi. A hunturun 1882 zuwa 1883 ya tare a Kautokeino da niyyar ɗaukar hoton orora. Bai yi nasara ba, domin gilasan hoto na zamanin suna bukatar mintoci kafin haske mai rauni ya kama, ita kuwa orora ba ta tsayawa. Sai ya juya na'urarsa ga mutanen Sami da yake zaune cikinsu, abin mamaki kuma, da waɗannan hotuna aka fi tunawa da shi. Hoton orora mafi tsufa da ya wanzu wani Bajamushe ne, Martin Brendel, ya ɗauke shi a Bossekop cikin Janairu, 1892, shi ma dishi-dishi ne.

A wannan lokaci ana ta gardama a kan nisan hasken daga ƙasa. Waɗansu sun rantse sun gan shi yana taɓa kan duwatsu, waɗansu suka ce yana can nesa ƙwarai. Carl Størmer, Farfesan lissafi a jami'ar Kristiania, birnin da ake kira Oslo yanzu, shi ya raba gardamar. Shi da Ole Andreas Krogness suka harhaɗa na'urar hoto mai saurin kama haske, sa'an nan Størmer ya tafi Bossekop a 1910. Dabararsa mai sauƙin fahimta ce. Idan mutum ya miƙa yatsa gabansa, ya rufe ido ɗaya, sa'an nan ya sake ya rufe ɗayan, zai ga kamar yatsan ya gusa a jikin bango. Haka nan idan mutum biyu da ke nesa da juna suka ɗauki hoton orora a lokaci guda, za a ga ta gusa a tsakanin taurarin da ke bayanta, daga wannan gusawa kuma sai a lissafa nisanta. A 1910 tazarar tashoshinsa biyu ba ta kai kilomita 5 ba, lissafin bai fito yadda ake so ba. A 1913 ya koma ya mai da tazarar kilomita 27.

To, amma dabarar tana bukatar mutum na biyu, da na uku, da na huɗu, kowa a tsaye cikin ƙanƙara da tsakar dare, da wayar tarho a kunne, yana jiran a faɗa masa tauraron da zai auna da lokacin da zai buɗe na'ura. Størmer ya kafa irin waɗannan tashoshi a kudancin Norwe, ya yi fiye da shekara 40 yana aiki da su, da yawa daga masu riƙe da su kuwa 'yan sa-kai ne. Cikin waɗanda suka taimaka masa akwai Olaf Hassel, kurma tun yana jariri, wanda daga baya ya gano tauraro mai wutsiya a 1939. Daga dubban hotuna aka tabbatar cewa gindin orora yawanci yana wajen kilomita 100 ne daga ƙasa, ba ta sauka kan duwatsu, kuma samanta yakan kai ɗaruruwan kilomita. Sunan Størmer ne a bangon littafin da ya fito a 1955, kuma ya cancanta, amma lissafinsa ba zai yi komai ba da ba a sami masu jure sanyi ba.

A shekarar binciken duniya ta ƙasa da ƙasa, daga Yuli 1957 zuwa Disamba 1958, aka faɗaɗa wannan tsari. James Paton a Edinbara da Carl Gartlein a jami'ar Cornell suka riƙa karɓar rahotanni daga ma'aikatan jiragen ruwa da matuƙan jiragen sama da mutanen gari. A daidai wannan lokaci aka fara harba kumbo, sai aka ɗauka zamanin ɗan sa-kai ya wuce. Binciken ya koma hannun manyan hukumomi, da hujja kuwa, domin abin ya wuce kallo: a Maris, 1989, guguwar maganaɗisu ta kashe wutar lantarkin lardin Kwibek na Kanada, mutum wajen miliyan 6 suka yi awa 9 babu wuta.

Na'urar hoto ta zamani, wadda ke kama abin da ido ba ya gani cikin 'yan sakan kaɗan, ita ta komo da 'yan sa-kai fage. A lardin Alberta na Kanada wata ƙungiyar masu farautar orora, da ke haɗuwa a Facebook, ta daɗe tana ɗaukar hoton wani siririn haske mai launin shunayya, wanda yakan miƙe daga gabas zuwa yamma, kudu da inda orora ta saba fitowa. A 2016 suka nuna wa Farfesa Eric Donovan na jami'ar Calgary hotunan, ya ce ba abin da suke zato ba ne, shi ma kuma bai san ko mene ne ba. Suka laƙaba masa suna Steve don raha, sunan ya bi shi har cikin littattafan ilmi. Da aka gwada lokaci da wurin da aka ɗauki hotunan da bayanan wani kumbon Turai mai suna Swarm, wanda ya ratsa ta wurin cikin Yuli na shekarar, sai aka ga wani kogin iska ne mai tsananin zafi, yana gudu yamma da saurin kusan kilomita 6 a sakan ɗaya. Kumbon ya auna, amma ba wanda zai san inda za a duba cikin tarin bayanansa in ba don hotunan ba.

A wannan karo an yi abin da ba a cika yi ba a da. Da aka buga sakamakon a Maris, 2018, ƙarƙashin jagorancin Elizabeth MacDonald ta hukumar NASA, sunayen waɗansu daga cikin masu ɗaukar hoton suna cikin jerin marubuta, kafaɗa da kafaɗa da na farfesoshi. Shekara biyu bayan haka wani Bajamushe ɗan sa-kai, Michael Hunnekuhl, tare da ita MacDonald, suka bi tsofaffin rubuce-rubucen Størmer, suka tarar ya ga irin wannan siririn haske tun farkon ƙarni na 20, ya ɗauki hotonsa tare da mutanen tashoshinsa, har ya auna nisansa daga ƙasa.