Jinkirin Karramawa: Mayaƙan Jiragen Bama-bamai na Birtaniya, 1945-2012

Gabatarwa

Wannan maƙala ta duba dalilin da ya sa mayaƙan jiragen jefa bama-bamai na Birtaniya suka shekara 67 kafin ƙasarsu ta gina masu abin tunawa a Landan, alhali kuwa suna cikin waɗanda suka fi kowa asarar rayuka a Yaƙin Duniya na Biyu.

Irin Asarar da Aka Yi

Kimanin mutum 125,000 ne suka yi aiki cikin jiragen wannan runduna, kuma 55,573 daga cikinsu sun halaka. Galibinsu samari ne 'yan sa-kai. Jirgin Lancaster yakan ɗauki mutum 7, kuma a bisa ƙa'ida sai sun kai hari sau 30 kafin a hutar da su. Ba Turawan Ingila kaɗai ba ne: akwai 'yan Kanada da Ostireliya, har ma da 'yan Afirka ta Yamma irin su Johnny Smythe na Saliyo, wanda aka harbo jirginsa a 1943, ya zama fursunan yaƙi a Jamus.

Dalilin Shiru

Tushen matsalar shi ne umurnin da aka ba su na ragargaza biranen Jamus. Harin Dresden na watan Fabrairun 1945 ya kashe kimanin mutum 25,000, akasarinsu farar hula. Da yaƙi ya ƙare, sai shugabanni suka nisanci abin da su da kansu suka amince da shi. Churchill bai ambaci rundunar ba a jawabinsa na nasara, kuma ba a ware wa mayaƙanta lambar yabo tasu ba. Ko da aka kafa mutum-mutumin kwamandansu, Arthur Harris, a 1992, sai da masu zanga-zanga suka yi tir.

Kammalawa

Ranar 28 ga Yunin 2012 Sarauniya Elizabeth II ta buɗe wurin tunawa da su a Green Park, lokacin da mafi yawan waɗanda suka tsira sun riga sun rasu. Rubutun da ke jikin ginin ya haɗa har da mutanen kowace ƙasa da bama-bamai suka kashe. Wannan ne ya warware ƙullin: an bambanta saurayin da ya shiga jirgi da manufar da ta tura shi, ba tare da an manta da waɗanda wutar ta faɗa wa ba.