3.2 Tarihin Tallafin Kiwon Lafiya ga Masu Rauni a Ƙasar Batsari da Safana

A zamanin mulkin En'e, tsoho ko naƙasasshe ko talaka a ƙasar Batsari da Safana ya dogara ne ga dangi da zakka da kuma ɗakunan shan magani na En'e ta Katsina, waɗanda ake gudanarwa da kuɗin haraji da jangali. Bayan garambawul na 1976, wannan nauyi ya koma wuyan ƙananan hukumomi.

A shekarar 1987, wato shekarar da aka ƙirƙiri Jihar Katsina, ministocin lafiya na Afirka suka amince da Shirin Bamako. A ƙarƙashinsa ana sayar wa majinyaci magani, a juya kuɗin a sayo wani, don kada magani ya yanke. To amma wanda ba shi da ko anini sai ya ga samu ya ga rashi. Haka kuma dokar inshorar lafiya ta 1999, wadda aka fara aiwatarwa a 2005, ba ta share masa hawaye ba, domin ma'aikatan gwamnati ta fi amfana, alhali galibin mutanen wannan yanki manoma ne da makiyaya marasa albashi.

Sai a Dokar Lafiya ta 2014 aka ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar Gwamnatin Tarayya domin kiwon lafiya a matakin farko. Dokar 2022 kuwa ta ambaci tsofaffi da naƙasassu da matalauta da mata masu juna biyu da yara 'yan ƙasa da shekara 5 a matsayin waɗanda za a biya wa. A Katsina, hukumar taimakekeniyar lafiya da aka kafa zamanin Gwamna Aminu Bello Masari ita ke yi masu rajista.

Sai dai duk wannan tsari ya ginu ne a kan asibitin mazaɓa, inda ake rubuta sunan mutum, nan kuma zai karɓi magani. A nan gizo ke saƙar, saboda yankin yana bakin dajin Rugu, maɓoyar 'yan bindiga. A watan Fabrairu 2020 an kashe mutum 30 a ƙauyukan Tsauwa da Dankar na Batsari, kuma a Satumba 2021 aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13, har da Batsari da Safana. Ke nan, tsohon da ya yi gudun hijira zuwa cikin garin Batsari yana iya riƙe da katinsa, amma asibitin da ke da sunansa yana can ƙauyen da ya baro.