Wasiƙar Dakka: Taƙaitaccen Tarihin Ƙwayar Boson

A watan Yuni na 1924, wani malami a Jami'ar Dakka, mai suna Satyendra Nath Bose, ya aika wa Albert Einstein wasiƙa haɗe da wata gajeriyar maƙala. A lokacin Dakka tana cikin Indiya, ƙarƙashin mulkin Ingila, jami'ar kuwa shekararta uku kacal da buɗewa. Maƙalar ta zo da sabuwar hanyar ƙidayar ƙwayoyin haske. Einstein da kansa ya fassara ta zuwa Jamusanci, ya sa aka buga. Daga baya Paul Dirac ya raɗa wa wannan jinsin ƙwayoyi suna boson, don girmama Bose.

To, mene ne boson? Masana kimiyyar fiziks sun kasa ƙananan ƙwayoyin da suka fi zarra ƙanƙanta gida biyu. Gida na farko su ne famiyon, masu sunan Enrico Fermi, irin su ilaktiron da kwak, waɗanda da su aka gina duk wani abu mai jiki. Ɗabi'arsu ta 'yan kasuwa ce, kowa da rumfarsa, biyu ba sa haɗuwa a hali guda. Gida na biyu su ne boson, waɗanda komai yawansu suna iya taruwa a hali ɗaya. Mafi shahara cikinsu 'yan aike ne, masu kai ƙarfi tsakanin famiyon. Hasken fitilar mai shayi a Agege, alal misali, ba komai ba ne face ambaliyar foton, boson mai ɗaukar ƙarfin lantarki da maganaɗisu. Ɗan'uwansa gulon shi ke ɗaure kwak a cibiyar zarra. An ga alamarsa a Hamburg a 1979.

A shekarar nan ta 1979 ne Abdus Salam, ɗan Pakistan, ya sami lambar Nobel tare da Sheldon Glashow da Steven Weinberg, bisa nazarin da ya yi hasashen ƙwayoyin W da Z. Jami'ar Maiduguri ta ba Salam digirin girmamawa a 1981, kafin cibiyar CERN da ke kusa da Janiba ta tabbatar da ƙwayoyin biyu a 1983. Saura ɗaya, wadda Peter Higgs da wasu masana suka yi hasashenta tun 1964 don bayyana inda ƙwayoyi ke samo nauyinsu. Sai ranar 4 ga Yuli, 2012 CERN ta sanar da gano ta, bayan jiran shekara 48. Mai haƙuri, in ji Hausawa, yakan dafa dutse.

Bose ya rasu a 1974 bai sami Nobel ba, alhali an ba mutane da dama ita a kan ƙwayoyin da ke amsa sunansa. Duk da haka, darasin tarihinsa ya fi lambar daraja, musamman ga ɗalibin da ke ganin rashin kayan gwaji ya rufe masa ƙofar kimiyya. Ba da injin miliyoyi Bose ya yi aikinsa ba. Alli da takarda ne jarinsa, sai ƙarfin halin rubuta wa babban masanin zamaninsa wasiƙa.